Ni da ba ni da lokacin kallon fim

Uwargida ta daɗe tana fama da ni in zauna mu kalli fim tare, ni kuwa amsata ɗaya ce: "Awa biyu cur? Ina na ga wannan lokacin?" Ranar nan ma haka na ce mata, na shige ɗaki da wayata, wai zan ɗan leƙa abu na minti biyar in kwanta.

Abin da na leƙa bidiyo ne kan jirgin ruwan nan Ever Given, mai tsawon mita 400, da ya tokare mashigin ruwan Suez na ƙasar Masar a watan Maris na 2021. Awa uku da ɗoriya ne bidiyon. Mai bayanin bai ma taɓo jirgin ba sai da ya koma 1869, shekarar da aka buɗe mashigin, ya taho da mu sannu a hankali, ba ya gaggawar komai.

Da can ina aka san wannan? Bidiyon farko da aka ɗora a YouTube a 2005 daƙiƙa 19 ne kacal, kuma har zuwa 2010 minti goma ne iyakar yawancin mutane. Yanzu ana iya ɗora na awa 12. Tun da a 2012 dandalin ya koma duba tsawon lokacin da ake ɗauka ana kallo wajen zaɓar bidiyon da zai nuna wa mutane, masu haɗa bidiyo suka gyara zama, mu ma muka gyara namu. Ni dai na lallashi kaina cewa wannan ba kallo ba ne, neman ilimi ne. Na kuma ninka saurin sau biyu, mutumin na ta zuba kamar mai kiran gwanjo, ni ina gyaɗa kai.

An zo wurin da ya fi daɗi, inda wata 'yar motar haƙa ƙasa ke ta kwasar yashi a gindin wannan ƙaton jirgi, sai na juya kwanciya, babban yatsana ya danna wani ɗan maɓalli a kusurwar allo. Wayar ta yi tsit. Can sai na ji muryar mutumina ta tashi daga falo. Ashe na tura bidiyon kan talabijin, ya kori fim ɗin uwargida, ga layin ƙasa yana nuna wa kowa cewa na riga na cinye awa biyu da rabi.

Ta leƙo ƙofa da rimot a hannu.

"Maigida, ba kai ne marar lokaci ba?"

"Ai wannan bincike ne."

"To taso ka ƙarasa binciken a gabana. Kuma ka mayar da shi yadda 'yan Adam ke magana."

Haka na fito na zauna a gefen kujera, ba bakin magana. Ta harɗe hannu tana hararar allon. Bayan kamar minti goma harara ta ragu. Da jiragen ja suka fara jan jirgin, sai na ga ta matso bakin kujera, har da cewa in ƙara murya.

"Wai zai fita kuwa?" in ji ta.

Na samu damar nuna ilimina. "Ya fita mana! Kwana shida ya yi, ran 29 ga Maris aka ciro shi."

Ta juyo ta dube ni sama da ƙasa.

"Wa ya tambaye ka ƙarshen? Tashi ka koma ɗaki, ka bar min wayar."