Yaron da Bai Gudu Ba

'Yan'uwana matasa, akwai wani hali namu da ke damuna. Da mun ga hoton yaro kwance a bakin titi, tausayi ya kama mu, mu yi ta yaɗawa, har a haɗa kuɗi. Amma a ce a tallafa wa masu shiga tsakanin yaro da iyayensa tun yana gida, sai kowa ya yi gum. Na san dalili: yaron da aka ceto kafin ya gudu ba shi da hoton da zai sa a yi kuka.

Ruwa ba ya tsami banza. Ba marmarin kwanan waje ke fitar da yaro daga gida ba. Wani duka ne ya ishe shi, wata kuma babba ne a gidan ke lalata da ita ta rasa wanda za ta gaya wa. Wani ma korarsa aka yi, mu kuma muka ce ya fi ƙarfin iyayensa, muka wuce.

Kar ku zaci abin na ƙasashe matalauta ne kaɗai. Amurka ta yi doka kan yaran da ke gudu daga gida tun 1974, duk da haka binciken cibiyar Chapin Hall ta Jami'ar Shikago a 2017 ya nuna a cikin shekara guda, ɗaya cikin 30 na 'yan shekara 13 zuwa 17 kan rasa matsuguni.

Abin da ya fi burge ni shi ne dabarar mutanen garin Geelong a Ostireliya. Ba su jira yaro ya faɗa titi ba. Makarantu suka shiga, suna bai wa dukan ɗalibai takardar tambayoyi kan zamansu a gida, wanda aka ga alamar tura ta kai bango sai a haɗa shi da ma'aikacin da zai bi lamarinsa har wajen iyayensa. Cikin shekara uku, yawan matasan da ke zuwa neman mafaka ya ragu da kusan kashi 40 cikin 100. Aiki ne marar hayaniya, shi ya sa in an zo rage kasafi irinsa ake fara yankewa, ba mai tankawa. Ku tanka. Ku tambayi wakilanku me aka ware wa masu ba ɗalibai shawara, da layin wayar agaji, da gidajen kwanan wucin gadi. Mai lokaci ya ba da lokacinsa.

Sannan in abokinka ya ce maka "wallahi na gaji da gidan nan", kar ka mayar da zancen wasa, sau da yawa kai ne farkon wanda ya ji. Kar ka ɓoye shi a ɗakinka kana ganin amana ce, kar kuma ka ja shi ka mayar ba ka san me ya baro ba. Zauna ka saurare shi, sannan ka tambaye shi wane babba ya yarda da shi, ku tafi tare.