Maki 645 a GMAT: ya isa, ko a sake zama?

Duk lokacin da aka buɗe neman gurbin karatun MBA, wato digiri na biyu a harkar gudanar da kasuwanci, a ƙasashen waje, sai ka ji matasa masu aiki a banki ko kamfanonin sadarwa suna tambaya iri ɗaya: makin da na samu a GMAT, jarrabawar neman shiga karatun, zai kai ni? A ganina yawancinsu suna karanta lambar ba daidai ba, kuma hakan ne ke sa su kashe kuɗi a inda bai kamata ba.

Da farko a san wace jarrabawa ake magana a kai. Tsohuwar GMAT mai maki 200 zuwa 800 ta daina aiki a ƙarshen Janairun 2024. Sabuwar, wadda aka fara a Nuwamban 2023, makinta daga 205 ne zuwa 805, kuma kashi uku ce: lissafi tambaya 21, fahimtar Turanci tambaya 23, nazarin bayanai tambaya 20, kowanne minti 45. Ma'aunin ya canza sosai. Wanda ya ci 645 a sabuwar, daidai yake da wanda ya ci kusan 700 a tsohuwar. Amma da yake sakamako yana aiki har shekara biyar, makarantu da yawa suna nuna alƙaluman tsohuwar ko su haɗa biyun. Sai mai 645 ya ga an rubuta 730, gabansa ya faɗi, alhali tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai yadda yake zato ba.

Kuskure na biyu shi ne ɗaukar matsakaicin maki a matsayin sharaɗin shiga. Idan makaranta irin Harvard ko Stanford ta ce matsakaicin ɗalibanta ya kai wajen 730 zuwa 740 a tsohon ma'auni, ai ma'anarsa akwai ɗimbin waɗanda aka ɗauka da ƙasa da haka. Abin dubawa shi ne zangon da kashi 80 cikin ɗari na ɗaliban suka faɗa, wanda makarantu da dama ke wallafawa. Wanda makinsa ya shiga zangon, jarrabawa ta gama nata aikin, saura sauran takardu. Wanda ya faɗo ƙasa da shi, sai ya kasance yana da wani abu na daban ƙwarai, ko ya sake zama.

Sannan a buɗe makin kashi-kashi. Kowane kashi daga 60 yake zuwa 90. Mutum biyu na iya samun 655 dukansu, amma ɗaya ya karanta injiniya, ɗaya kuma shari'a, lissafinsa ya yi rauni. Na biyun ne masu tantancewa za su tsaya a kansa, domin shekarar farko ta MBA cike take da darasin kuɗi, akanta da ƙididdiga. Irin wannan, ƙarin maki biyar a kashin lissafi ya fi masa amfani fiye da ƙarin talatin a jimla da ya fito daga sauran kashin biyu. In kuma GMAT ta ƙi, akwai GRE, wata jarrabawar shiga karatun digiri na biyu wadda kusan duk manyan makarantu ke karɓa, tun Satumban 2023 kuma ba ta kai awa biyu ba.

Ana iya sake zaman GMAT bayan kwana 16, har sau biyar cikin wata goma sha biyu, kowane zama kuma wajen dala 300 ne in an zagaye. Da canjin naira na yanzu, wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne. Shawarata, kada a sake biya sai gwajin gida na hukumar jarrabawar ya nuna ƙari sau biyu a jere, an yi shi da agogo ba tare da tsayawa ba.

Inda ƴan Najeriya suka fi yin tuntuɓe ma ba jarrabawar ba ce. Wasiƙar shaida ce. Ana garzayawa wajen shugaban kamfani ko wani mai babban suna, ya rubuta layi shida na yabo da zai dace da kowa. Makarantun sun fi son ta fito daga ogan da ya ga aikinka kullum, ya faɗi abin da ka yi, da mutum nawa, da abin da ya biyo baya. Ɗaliban manyan makarantun Amurka suna zuwa da kimanin shekara biyar ta aiki, don haka mai shekara biyu bayan hidimar ƙasa ya fi kyau ya haƙura tukuna, ko da makinsa 705 ne. Mai takardar HND kuwa ya fara rubuta wa makarantar ya ji ko za ta karɓa a matsayin digiri kafin ya sayi littafi ko ɗaya.

Lokaci ma yana da nauyi. Zagayen farko na karɓar takardun neman gurbi yakan rufe a Satumba, na biyu a Janairu, na uku wajen Afrilu. Kafin na uku an riga an raba mafi yawan gurabe da kuɗin tallafi, ga neman biza a gaba. Mai 645 da cikakkun takardu a Janairu ya fi mai 675 da ya makara zuwa Afrilu samun dama.