Yadda sabon kernel ya tona min asiri a ofis

Tun da na bar Windows na koma Linux ba wanda bai sha wa'azi a wajena ba. A majalisa, a ofis, har gidan biki in na samu mai saurare sai na karanto masa tarihin Linus Torvalds, ɗan ƙasar Finlan da ya fara rubuta abin a 1991 yana ɗalibi a jami'ar Helsinki, kyauta ne, ba kuɗin lasisi, ba yawan fargabar bairos. Har suna aka sa min a majalisa, wai Malam Linus.

To wani dare na ga sanarwar ofdet, ga datar dare mai arha, na danna kawai. A cikin kayan da aka sauke har da sabon kernel, wato zuciyar Linux da ke sarrafa kayan cikin laftof, daga lamba 5.19 aka cilla ni 6.2. Na kashe laftof na kunna, sai ga haske ya cika ɗaki. Na danna Fn da maɓallin rage haske, shiru. Na ƙara dannawa da ƙarfi, wai ko bai ji ba ne. Uwargida ta ɗago daga barci ta ce "Baban Ummi, fitilar mota ka shigo mana da ita?" Na je saitin inda ake jan hasken da linzami, abin jan ma ya ɓace gaba ɗaya. Ga batirin tokumbo da dama lallaɓa shi nake yi, ga an ɗauke wuta, kafin in gama tunani ya mutu, wanda shi ne kaɗai abin da ya rage hasken a daren nan.

Amma babban abin kunyar a ofis ya faru. Ina kallon ƙwallayen da aka ci jiya, murya ƙasa-ƙasa a zatona, sai ga oga ya turo ƙofa daidai lokacin da mai sharhi ya ɓarke da ihu. Yatsana ya tafi maɓallin kashe murya kamar yadda ya saba, ba abin da ya faru, na rikice na saki Fn na hau F1 shi kaɗai, sai shafin taimako ya buɗe ya rufe bidiyon, ihu kuma na ci gaba daga baya ba na ma ganin inda zan tsayar da shi. Na ce "Yallaɓai barka da shigowa." Ya tsaya ya dube ni ya dubi laftof ya ce "Wa ya ci?" Wallahi da faɗa ya yi da ya fi min sauƙi.

Da aka tashi na wuce Farm Centre wajen wani mai gyara. Ya danna maɓallan, ya kifa laftof ɗin ya bubbuga bayansa, ya ce "Alhaji kibod ne ya tafi, ruwa ya taɓa shi." Na rantse ko shayi ban taɓa sha kusa da shi ba. Ya ce to ƙurar hunturu ce. Da ya kunna ya ga ba Windows ba ce sai ya ja kujera baya ya ce "Wannan kuma wace iri ce?" Duk da haka na ba da kafin alƙalami a kawo kibod daga Legas, tunda ya fi ni ƙarfin murya.

Ƙanina da ke karatun kwamfuta ne ya zo cin tuwo ya tarar da ni sanye da baƙin gilashi ina aiki. Sai da ya gama dariyarsa tukuna ya ce "Yaya, rubuta uname -r mu ga lambar kernel ɗinka." Ya ce maɓallan Fn ba kamar A da B ba ne, a laftof da yawa saƙonsu ta ACPI yake bi, wato hanyar da injin ke magana da Linux kan sha'anin wuta da batir, sai direban da ke cikin kernel, wato 'yar manhajar da ke kula da wannan ɓangaren, ya gane shi kafin haske ko murya su motsa, kuma tun daga 6.1 aka sake tsarin yadda kernel ke zaɓar direban hasken sikirin, wasu tsofaffin injina suka faɗa tsakani. Ya sake kunna laftof yana danna Esc, GRUB ya fito, wato jerin da ake zaɓar kernel kafin Linux ya tashi, ashe tsohon kernel ɗina na nan zaune ba inda ya je. Ya zaɓe shi. Haske ya sauka, murya ta mutu, komai lafiya lau, hannunsa ɗaya ma yana cikin miyar kuka.

Don hasken ya zauna ko a sabon kernel ɗin, ya buɗe /etc/default/grub ya ƙara acpi_backlight=native, ya buga sudo update-grub. Na murya kuwa ya ce in ci gaba da hawa tsohon har a gyara a ofdet na gaba, ya kuma roƙe ni kar in gaya wa 'yan majalisa shi ne ƙanin Malam Linus.

Muna cikin haka mai gyara ya kira, wai albishirinka Alhaji, kibod ya iso, kuma kaya in sun baro Legas ba sa komawa. Don haka duk mai neman sabon kibod fil a leda ya yi min magana, akwai ragi.