Muna Yi wa Iyalin Cikin Talabijin Uzuri, Mun Hana Namu

Assalamu alaikum wa rahmatullahi, 'yan'uwa.

Akwai wani nau'in wasan kwaikwayo mai dogon zango wanda kusan duk ƙasar da ke da gidan talabijin tana da irinsa. Ana gina shi ne a kan iyali guda da ke zaune a wata unguwa ta gefen birni: uba mai fita aiki da sassafe ya dawo a gajiye, uwa mai fama da gida ga kuma nata aikin, ɗa da ya fara kangarewa, 'ya mai yawan ɓoye-ɓoye, sai maƙwabta masu sa ido. Yau an sallami uban daga aiki, gobe bashin gidan ya taso su a gaba har banki yana barazanar ƙwacewa, jibi a shirya a yi dariya, gata kuma wata sabuwar fitina ta kunno kai. Haka ake tafiya mako bayan mako, har mai kallo ya san halin kowa a gidan fiye da yadda ya san halin wasu danginsa.

Kwanan nan na kai ziyara wani gida na tarar ana kallon irin wannan shiri. A cikin shirin, 'yar gidan ta faɗi jarrabawa, ta ɓoye takardar sakamakon a ƙarƙashin katifa, tana kuka ita kaɗai a ɗakinta. Matar gidan da na je tana zaune tana share hawaye da gefen mayafinta, tana cewa, "Wayyo Allah, da ma uwarta za ta zaunar da ita ta ji abin da ke damunta." Ana cikin haka sai ga 'yarta ta cikinta, yarinyar da ba ta wuce shekara 13 ba, ta zo ta tsaya a bakin ƙofar falo tana murza yatsunta, ta ce da ƙaramar murya, "Mama, ina so in gaya miki wata magana." Uwar ko waiwayowa ba ta yi ba, ta ce, "Ke dalla matsa can, ba ki ga ina kallo ba? Maganarki ba ta ƙarewa." Yarinyar ta ɗan jima a tsaye, sannan ta juya ta koma ciki. Aka gama shirin, aka shiga wata hirar, kuma har na yi musu sallama babu wanda ya sake kiran sunanta.

Wannan baiwar Allah ba muguwa ba ce, kuma hawayenta ba na ƙarya ba ne. Abin da ya tayar mini da hankali ke nan. Tausayin yana nan a zuciyarta, cikakke, amma ya tsallake wadda ke tsaye a bakin ƙofa ya tafi kan wadda ba ta ma san da zamanta a duniya ba. Inuwar giginya ke nan, na nesa ka sha. Ba hukuncin kallo na zo tattaunawa ba, wannan fage ne na malamai kuma sun yi bayani. Abu ɗaya nake so mu tsaya a kansa: yadda muke da yalwar uzuri da haƙurin sauraro ga iyalin da aka ƙirƙira, alhali muna rowar su ga iyalin da Allah zai tambaye mu a kansu.

Ku lura da yadda abin yake faruwa. Idan uban cikin shirin ya shigo gida ya daka wa matarsa tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, ba ma tsine masa, domin mintuna kaɗan kafin nan an nuna mana shi a ofis, shugabansa yana ci masa mutunci a gaban na ƙasa da shi, an kuma nuna mana shi zaune cikin mota a ƙofar gida ya kifa kai a kan sitiyari ya kasa fitowa. Mun ga dalilin kafin mu ga laifin, shi ya sa muke cewa, "Allah sarki, ba halinsa ba ne, abin ne ya yi masa yawa." Idan ɗan ya saci kuɗi a jakar uwarsa, an riga an nuna mana abokan da suka matsa masa da kunyar da ya sha a makaranta. Kyamara tana bin kowa har inda yake ɓoye rauninsa, ta kawo mana dalilinsa muna zaune, ba tare da mun tambaya ba, ba tare da mun jira ba.

A gidanka babu wannan kyamarar. Matarka za ta amsa maka magana a daƙile, ba wanda zai nuna maka wunin da ta yi da yaro marar lafiya a hannu, ko saƙon da ya zo mata daga gidansu wanda ta rasa yadda za ta fara faɗa maka. Mijinki zai shigo fuska a murtuke, ba wanda zai nuna miki inda ya tsaya ya roƙi a ɗaga masa ƙafa aka ƙi. Laifin kawai muke gani, dalilin yana ɓoye, kuma ba shi da hanyar fitowa sai an tambaya cikin lallashi, an kuma yi haƙurin jiran amsa, wadda sau da yawa ba ta zuwa a tambayar farko. Wannan aikin ne muke gudu. Sai mu yanke hukunci nan take: rashin kunya ce, raini ne, taurin kai ne, halin gidansu ne.

Kada kuma wani ya ɗauka cewa kamun da waɗannan shirye-shirye suke yi wa zuciya dace ne kawai. Sana'a ce da aka daɗe ana gogewa a kanta. Tun a shekarun 1930 gidajen rediyo a Amurka suka fara watsa wasannin iyali na kullum, kamfanonin sabulu irin su Procter & Gamble suna ɗaukar nauyinsu domin tallar kayansu ta isa ga matan da ke gida da rana. Wata marubuciya mai suna Irna Phillips tana cikin waɗanda suka kafa wannan salo, kuma ɗaya daga cikin shirye-shiryenta ya fara a rediyo a 1937, ya shiga talabijin a 1952, bai tsaya ba sai a 2009, wato shekara 72 ana bin rayuwar mutanen da babu su. Dabarar ba ta canza ba har yau: a yanke kowane kashi a daidai inda hankali ya fi tashi domin ka dawo gobe, a sa kiɗa mai sanyaya jiki a daidai inda ake so ka yi kuka, a matso da fuskar mai wasan har ka ga hawayen yana taruwa. Shi kansa falon da muke sha'awa, a mafi yawan lokuta bango uku ne da shi a cikin ɗakin ɗaukar shiri, an bar gefe guda a buɗe saboda kyamarori, sama kuma fitilu ne a rataye. Mutanen da muke yi wa kuka, da an ce an gama ɗauka, sai su goge fuska, kowa ya kama hanyar gidansa.

A 1956 wasu masana biyu a Amurka, Donald Horton da Richard Wohl, sun yi rubutu a kan yadda mai kallo yake jin kamar yana da alaƙa ta kusa da mutanen da yake gani a talabijin, alhali alaƙar daga ɓangare ɗaya take. Abin da nake gani a cikin wannan shi ne sauƙinta. Yarinyar cikin shirin ba za ta tashe ka da tsakar dare ba, ba za ta nemi ka nemi gafararta ba, ba za ta maimaita laifin da ka hana ta jiya a kan idonka ba. Ka tausaya mata na minti 40, ka kashe talabijin, ka kwanta kana jin kai mutumin kirki ne mai taushin zuciya, ba tare da an ɗora maka nauyin komai ba. Tausayin da yake da lada mai yawa shi ne wanda yake cin lokacinka da barcinka da girman kanka, kuma masu buƙatarsa suna kwana ƙarƙashin rufi ɗaya da kai.

Ɗan'uwana magidanci, da kai nake. Kana zaune kana jin haushin mijin cikin shiri saboda ba ya gode wa matarsa, har kana cewa wannan mutumin bai san darajar mace ba. To yaushe rabon da ka dubi taka ka ce mata sannu da ƙoƙari, ba don kana neman wani abu a wurinta ba? Ka san ranar da matar cikin shirin ta fara zargin mijinta, ka san abin da ya jawo, amma matarka ta yi mako guda ba ta da walwala ba ka lura ba, ko ka lura ka ce mata su dai mata ba a iya musu. Wanda ya fi kowa yawan nauyi a kansa, Manzon Allah (SAW), da aka tambayi Nana A'isha abin da yake yi a gida, cewa ta yi yana kasancewa cikin hidimar iyalinsa, idan lokacin sallah ya yi sai ya fita. Mun haddace wannan, muna kuma faɗa wa wasu. Ina aikin?

'Yar'uwata, ke ma ban bar ki ba, kuma ki yi mini haƙuri. Kina yafe wa uban cikin shiri bashin da ya ci a ɓoye domin an nuna miki cewa tsoron kunyar iyalinsa ne ya sa, amma naki mijin idan ya gaza a wata guda, sai gori da juya baya da kwatanta shi da mijin wance. Wani lokacin ma da na cikin talabijin ɗin ake kwatanta shi, mutumin da tawagar marubuta suka zauna suka tsara masa kalaman ban-haƙurin da zai faɗa, aka maimaita ɗauka har sai da ta yi kyau. Mijinki ba shi da marubuci. Idan ya zo yana kame-kame, ya rasa ta inda zai fara, ya ɓige da tambayar ko kin ga makullinsa, mai yiwuwa ban-haƙurin ke nan da ya iya. Ki karɓa, ki buɗe masa ƙofar magana.

Ku kuma samari da 'yan mata, kuna tausaya wa tsohuwar cikin shiri wadda 'ya'yanta suka watse suka bar ta da kaɗaici, har kuna yaɗa guntun wurin a waya kuna rubuta kalaman tausayi a ƙasa. Taku mahaifiyar tana ɗaki na kusa. Ta kira sau biyu, an ce mata ana zuwa, bari a gama wannan kashin.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne sha'anin yara. Babba idan aka ƙi sauraronsa yau zai iya dawowa gobe, ko ya yi fushi a gane. Yaro ba haka yake ba. Kafin yarinya ta iya buɗe baki ta ce tana da magana, wataƙila ta kwana uku tana tattara ƙarfin hali, kuma maganar tana iya zama ƙarama kamar littafin da ya ɓace, tana iya zama babba kamar wani da yake tare ta a hanya yana faɗa mata abin da bai dace ba. Idan aka kore ta sau ɗaya, sau biyu, sai ta koyi cewa a gidan nan ba a kawo damuwa, ta kai ta inda za a saurare ta, kuma masu saurarar yaran mutane da mugun nufi ba su taɓa cewa suna kallo a dawo anjima ba. Daga baya sai a ji iyaye suna cewa ba su san lokacin da ta canza ba. Lokacin da Aƙra'u ɗan Habis ya ga Annabi (SAW) ya sumbaci jikansa Hasan, ya ce shi yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, amsar da ya samu ita ce wanda ba ya jin ƙai ba za a ji ƙansa ba. 'Ya'yansa na cikinsa ake magana a kai, ba na nesa ba.

Kashin da ya wuce ka za a maimaita shi, yana nan a intanet, za ka iya tsayar da shi ka koma baya yadda ka ga dama. Masu wannan kasuwa ma ba su ɓoye abin da suke nema a wurinka ba: a 2017 shugaban Netflix na lokacin, wato kamfanin nuna fina-finai ta intanet, Reed Hastings, ya faɗa a fili cewa barci yana cikin abokan gasarsu. Wanda yake takara da barcinka ba zai bar maka lokacin 'ya'yanka don kansa ba, kai ne za ka ƙwata. Kuma a cikin shirin an riga an rubuta sulhun, komai tsananin rikicin za a shirya kafin zangon ya ƙare, domin kamfanin yana buƙatar iyalin su ci gaba da zama tare. Babu wanda ya rubuta wa gidanka wannan tabbacin. Gidaje nawa muka sani da suka mutu ba tare da wani babban laifi ba, sai tarin ƙananan maganganun da ba a saurara ba?

Don girman Allah, idan wani a gidanka ya yi abin da ya ɓata maka rai, kafin ka yanke masa hukunci ka tuna cewa akwai wani ɓangare na wuninsa da ba ka gani ba, ka tambaye shi. Idan ya ce babu komai, kada ka ce ai ka tambaya, ka bari zuwa anjima ka sake tambaya. Idan ɗanka ko 'yarka ta tsaya a kanka tana da magana, ka rage sautin, ka ajiye wayar, ka juyo da fuskarka gaba ɗaya, ko da a daidai wurin da za a tona asirin da ka yi wata guda kana jira ne. Don Allah, iyaye mata, ku juyo. Don Allah, iyaye maza, ku juyo. Wanda kuma ya san akwai wani a gidansa da ya kora da "anjima" bai sake nemansa ba, ya tashi yanzu ya je ya kira shi.