Ƙauyen da kake zuwa hutu, gidan wasu ne

Har yanzu idan aka tayar da zancen kullen korona, akwai masu cewa mutanen karkarar Birtaniya sun yi rashin mutunci da suka riƙa kafa alluna a bakin hanya suna cewa baƙi su juya su koma gida. Wai ina karamci, ina girmama baƙo, mutumin da duk shekara shi ke kawo muku ciniki. Ni dai ina bayan mutanen ƙauyen nan, kuma ina so in faɗi dalilina dalla-dalla, domin maganar ta fi ƙarfin Turawa kaɗai.

Ranar Juma'a 20 ga Maris 2020 gwamnatin Boris Johnson ta ba da umarnin rufe mashaya da gidajen cin abinci da wuraren motsa jiki. Amma ba ta ce kowa ya zauna a gida ba sai daren Litinin 23 ga wata. Tsakanin nan aka samu Asabar da Lahadi, ga rana ta fito fes bayan dogon sanyi, ga makarantu an rufe. Sai mutanen birni suka ɗebi iyali suka nufi duwatsu da bakin teku. Hukumar da ke kula da gandun Snowdonia a arewacin Wales ta ce ba a taɓa ganin cikowar baƙi irin ta wannan Asabar ba a iya tunawar mutane. Filin ajiye motoci ya cika ya batse, aka jera motoci a gefen hanya, mutane na bin juna a siririyar hanyar hawa dutsen Snowdon kafaɗa da kafaɗa. A tsaunukan arewacin Scotland kuwa, motoci masu ɗakin kwana a ciki ne suka yi ta kwarara, masu su na cewa sun zo ne su killace kansu a inda babu cunkoso.

Wannan magana ta killace kai ita ce ta fi tsaya mini a rai. Mai faɗar ta yana kallon wurin kamar fili ne da Allah Ya shimfiɗa babu kowa. Alhali akwai mutane a ciki, kuma da yawansu tsofaffi ne, domin matasan sun tafi birni neman aiki. Tsofaffi kuwa su ne cutar ta fi kwasa. Mai motar zai tsaya ya sha mai a gidan man garin. Zai shiga kanti ɗaya tilo da ƙauyen yake da shi, ya kwashe burodi da madara da takardar bayan gida, a makon da ko manyan kantunan Landan sun koma wayam. Tsohuwar da ba ta da mota, wadda wannan kanti ne kaɗai ƙafarta ke iya kai ta, ta zo ta tarar da kanta babu komai, ta kuma tsaya a layi da wanda jiya yake cikin jirgin ƙasan Landan, birnin da cutar ta fi kamari a lokacin.

Sai batun asibiti, wanda shi ne ƙashin bayan maganar. Gundumar Cornwall da ke kudu maso yammacin Ingila, inda masu hali suka fi sayen gidajen hutu a bakin teku, mutanenta sun haura rabin miliyan, amma babban asibitin da ke karɓar masu matsanancin ciwo guda ɗaya ne, a Truro. Duk faɗin tsaunukan arewacin Scotland, babban asibitinsu shi ne Raigmore da ke Inverness, kuma akwai ƙauyukan da sai an yi tafiyar sa'o'i kafin a kai can. Mutanen tsibirai kuwa, idan ciwo ya yi tsanani sai an ɗauke su a jirgin sama. Ana tsara gadajen asibiti da likitoci da na'urar taimaka wa numfashi ne gwargwadon mazauna wuri. Wanda ya taso daga birni zuwa gidan hutunsa ya bar kasonsa na gado a can, ya zo ya shiga cikin na wasu. Idan ya kwanta, likita ba zai tambaye shi daga ina yake ba, zai duba shi ne kamar kowa, kuma haka ya dace. Amma gadon da ya hau, gadon manomin garin ne da zai iya zuwa gobe ya tarar babu.

Kada a manta da masu ceto a kan duwatsu. A Birtaniya 'yan sa-kai ne, ba albashi ake biyansu ba. Malamin makaranta ne, makiyayin tumaki ne, wani ma ma'aikacin jinya ne da ya taso daga aiki. Idan baƙo ya zame ya karya ƙafa a kan dutse, mutum goma ko fiye ne za su taru su ɗauko shi a kan makara, suna haki a fuskar juna na tsawon sa'o'i, a lokacin da ko takunkumin fuska ya yi wa likitoci ƙaranci. Mai hawa dutsen zai ce ai shi kaɗai ya tafi, bai kusanci kowa ba. Gaskiya ne, har zuwa lokacin da ya faɗi.

Kuma tsoron mutanen ƙauyen yana da tushe, sun ga abin da ya faru da wasu. Ischgl wani ƙaramin gari ne a tsaunukan Ostiriya, mazaunansa ba su kai dubu biyu ba, amma dubban masu wasan zamiya a kan ƙanƙara ke cika shi duk hunturu. Tun 5 ga Maris ƙasar Iceland ta sanya shi cikin wurare masu haɗari bayan matafiyanta sun dawo da cutar, amma ba a killace garin ba sai 13 ga wata. Dubban mutane daga ƙasashe da dama suka ce a can suka kamu. Da Jami'ar Koyon Likitanci ta Innsbruck ta gwada jinin mazauna garin, ta samu kusan kashi 42 cikin ɗari sun riga sun kamu. Baƙin sun watse, kowa ya koma ƙasarsa. Mai shara da mai dafa abinci da tsohon da aka haifa a garin suna nan inda aka bar su.

A Faransa ma haka aka yi. A daidai lokacin da kullen 17 ga Maris ya fara aiki, alƙaluman kamfanin waya na Orange sun nuna cewa sama da mutum miliyan ɗaya sun fice daga Paris da kewayenta cikin mako guda, tsibirin Ré kuwa mutanen cikinsa suka ƙaru da kusan kashi 30 cikin ɗari. A Italiya, daren da labarin rufe yankin Lombardy na arewacin ƙasar ya fita kafin a sanar, aka yi rububin jiragen ƙasa daga Milan zuwa kudu, inda asibitoci suka fi rauni.

Mu da muka tashi a cikin karatun addini ba sabon darasi ba ne wannan. Hadisin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana nan a Bukhari da Muslim: idan kun ji annoba a wata ƙasa kada ku shige ta, idan kuma ta auku kuna ciki kada ku fita don gudun ta. Da shi Abdurrahman bin Auf ya ƙarfafa Sayyidina Umar lokacin da ya juya daga Sarg bai shiga Sham ba, zamanin da annoba ke ci a can. Mutane sun fi riƙe rabin farko, domin shi ne ke kare kai. Rabi na biyu shi ne mai nauyi, domin yana hana ka abin da zuciyarka ta fi so, wato gudu, saboda wani can da ba ka sani ba. Abin da mutanen Wales da Cornwall suka roƙa ke nan, ko da ba su taɓa jin hadisin ba.

Akwai abin da ya kamata in bambance, don kada a yi mini mummunar fahimta. Lokacin da Shugaba Buhari ya sanar da kulle Legas da Ogun da Abuja a ƙarshen Maris 2020, 'yan'uwanmu da yawa sun cika tashoshin mota suna neman hanyar gida. Ɗan acaɓa, mai tura baro, mai yankan farce, mai shayi, wanda sai ya fita yake ci. Wannan yunwa ce ta koro shi, kuma gidan ubansa ya nufa. Ba zan taɓa haɗa shi da mai gida biyu ba, wanda albashinsa ke shiga yana zaune gaban kwamfuta, firjinsa cike, abin da ya dame shi kawai shi ne ganin bango ya gundure shi. Na farko ya cancanci a ciyar da shi don ya iya zama. Na biyu ya cancanci a tare shi a hanya.

Na san hujjojin ɗaya ɓangaren, kuma wasunsu suna da ƙarfi. Daga baya an gane cewa cutar ba ta cika yaɗuwa a sarari inda iska ke kaɗawa ba, ta fi kama mutane a cikin ɗaki. Don haka 'yan sandan gundumar Derbyshire ta Ingila da suka riƙa ɗaukar hoton masu tattaki su biyu-biyu da ƙaramin jirgi maras matuƙi suna yaɗawa a intanet, sun wuce gona da iri. Waɗanda suka riƙa zagin baƙi ko lalata musu mota ma sun yi laifi, har da cewa a wasu lokuta wanda aka tsangwama ma'aikacin lafiya ne da aka turo aiki. Kuma iyalin da ke cunkushe a bene na goma a Manchester ko Birmingham, babu tsakar gida, yara na kuka, ba zan ce sha'awar ganin ciyawa da suka yi zunubi ce ba. Amma wannan iyali ba su ne masu gidan hutu a Cornwall ba. Sannan abin da aka sani a watan Agusta ba shi aka sani a watan Maris ba. A lokacin babu rigakafi, gwaji ya yi ƙaranci, hotunan motocin soja ɗauke da gawarwaki daga birnin Bergamo na Italiya suna yawo a duniya. Wanda zai ɗauki kasada a irin wannan duhu, ya ɗauka da ransa, kada ya ɗora wa garin da bai shawarta ba.

Wasu kuma sukan ce, to ai da kuɗin baƙin nan kuke ci. Haka ne, kuma wannan ne ma ya sa roƙon nasu ya yi nauyi. Mai masauki da mai kantin tsaraba da mai kwalekwalen yawo sun san cewa kowane baƙo da ya juya, abincin 'ya'yansu ne ya juya, kuma lokacin bikin Ista ne kakarsu ke farawa. Duk da haka hukumomin yawon buɗe idon waɗannan yankuna da kansu suka fito suna cewa a dakata, a zo daga baya. Mutumin da ya ture cinikin shekara da hannunsa ya kamata a saurare shi. Baƙonka annabinka, gaskiya ne, amma baƙon kirki yana sallama, kuma idan aka ce masa akwai mara lafiya a ciki, yakan tsaya a zaure.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Gwamnatin da ta rufe mashaya ranar Juma'a ta bar hanya a buɗe har Litinin, ita ta shirya wannan cikowa. Norway ba ta tsaya roƙo ba. Al'adar mutanenta ce kowa ya mallaki bukkar hutu a daji ko a kan dutse, amma da ƙananan hukumomin karkara suka koka cewa likitocinsu ba za su iya ba, sai aka haramta kwana a bukkar da ke wajen ƙaramar hukumar mutum daga 19 ga Maris, da tara ko ɗauri ga wanda ya saɓa, har zuwa 20 ga Afrilu. Wales ta rufe sansanonin masu hutu da manyan hanyoyin hawa duwatsu bayan waccan Asabar, kamfanin jiragen fito na CalMac ya daina ɗaukar kowa zuwa tsibiran Scotland sai mazauna da masu aikin dole. An yi daidai, amma bayan an riga an shiga.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne manyan da suka kafa dokar. Dakta Catherine Calderwood, babbar jami'ar lafiya ta Scotland, ita ce fuskar da ke fitowa a talabijin tana cewa a zauna a gida. Aka gan ta a gidanta na biyu a Earlsferry, tafiyar sama da sa'a ɗaya daga Edinburgh, ta kuma amsa cewa makonni biyu a jere ta je. Ta sauka daga muƙaminta ranar 5 ga Afrilu. Dominic Cummings, babban mashawarcin Firaminista a lokacin, ya tuƙa mota kusan mil 260 daga Landan zuwa Durham alhali matarsa na da alamun cutar, daga baya ya je garin Barnard Castle ya ce gwada idonsa ya je yi. Shi ko sauka bai yi ba a lokacin. A daidai waɗannan makonni mutane na binne iyayensu ba tare da sun gan su a asibiti ba. Bayan wannan, da wane baki ɗan sandan ƙauye zai ce wa mai mota ya juya?

Fushin da aka gani a kan allunan nan ya girmi korona. Akwai garuruwa a gundumar Gwynedd ta arewacin Wales da Cornwall da idan hunturu ya shiga, layi guda na gidaje zai kwana babu fitila, domin masu su suna birni. Farashin gida ya fi ƙarfin ɗan gari, ya yi aure ya rasa inda zai zauna, ya tattara ya tafi, makarantar firamare ta rasa yara, a Wales har harshen gida yana ja da baya. Asibitin da bai ishe su ba a 2020, tun kafin nan bai ishe su ba. Daga Afrilun 2023 gwamnatin Wales ta ba ƙananan hukumomi damar ƙara harajin gida na biyu har zuwa kashi 300 cikin ɗari, kuma ina ganin ta yi daidai. Kuɗin ya kamata ya tafi kai tsaye ga gidajen 'yan gari da motocin ɗaukar marasa lafiya da ƙungiyoyin ceton nan na sa-kai, waɗanda har yau da gudummawar jama'a suke sayen igiya da makara.