Mashi a maƙogwaro: wa ke ƙarya a dandalin Shaolin?

Tun ranar 27 ga Yulin 2025, lokacin da wurin ibada na Shaolin da ke lardin Henan na ƙasar Sin ya sanar da cewa ana binciken shugabansa Shi Yongxin bisa zargin wawure kuɗi da kadarori da kuma mu'amala da mata ta hanyar da ta saɓa wa ƙa'idar sufayen addinin Buddha, wata magana ɗaya ake ta maimaitawa har ta ishe ni. Maganar ita ce wai ashe duk abin da sufayen Shaolin ke nunawa a dandalin wasanni na duniya, daga lanƙwasa mashi da maƙogwaro zuwa karya ƙarfe a ka, rufa-ido ne kawai, kuma yanzu asiri ya tonu. Masu wannan magana suna yin ta da alfaharin wanda ya gano abin da ya ɓoye wa kowa, alhali kuwa ba su gano komai ba, domin zargin satar kuɗi da ake yi wa shugaba bai gaya mana ko ƙwaya ɗaya ba game da abin da ke faruwa tsakanin tsinin mashi da wuyan yaro.

Waɗanda har yanzu suke rantsuwa cewa wani ƙarfi na ɓoye da ake kira chi ne yake mayar da fatar mutum sulke ba sa bukatar doguwar amsa, tunda babu wani gwaji da ya taɓa nuna haka. Matsalata da ɗaya ɓangaren take, masu cewa duk ƙarya ce, saboda sun ɗora laifin a kan wanda bai yi ƙarya ba, sun ƙyale wanda ya yi ta yana kirga kuɗi.

A dubi wasan mashin da kyau. Sandarsa ana yin ta ne da wani farin icce mai lanƙwasuwa wanda Sinawa suka daɗe suna amfani da shi wajen yin sanduna da masu, bakinsa kuma a dakushe yake. Mai wasan yana ɗora tsinin a ɗan ramin nan da ke ƙasan maƙogwaro, daidai saman ƙashin ƙirji, ya ɗaure naman wuyansa, sannan ya matsa gaba yana danna sandar ƙasa. Da zarar sandar ta fara lanƙwasa, ƙarfin ya daina bin tsinin kai tsaye zuwa cikin wuya, sai ya koma kan faɗin ƙarfen da ke kwance a kan ƙashi. Babu siddabaru a nan, domin mashin gaske ne ya lanƙwashe, kuma wuyan mutum ne ya lanƙwasa shi. Wanda yake ganin abin wasan yara ne bai yi tunanin abin da zai faru ba idan tsinin ya zame ɗan kaɗan zuwa sama, ko idan numfashi ya kuɓuce a tsakiyar dannawa.

Haka zancen ƙarfen da ake karyawa a ka yake. Ƙarfen zubi ne mai gautsi, irin wanda yake tsagewa maimakon ya lanƙwashe, shi ya sa ba za a taɓa ganin an kawo rodin gini an ce a buga a ka ba. Gadon ƙusoshi kuwa lissafi ne da ɗalibin sakandare zai iya yi, domin idan aka raba nauyin mutum a kan ɗaruruwan ƙusoshi, abin da kowace ƙusa take ɗauka bai isa huda fata ba, kuma da ƙusa guda ɗaya ce da babu wani malamin chi da zai yarda ya kwanta a kanta. Falalen dutsen da ake ɗora wa mutum a ƙirji a fasa da guduma shi kansa kariya ne, tunda nauyinsa ne yake shanye bugun kafin ya isa haƙarƙari, kuma gwargwadon girman dutsen gwargwadon sauƙin abin ga wanda ke ƙarƙashi, muddin zai iya ɗaukar nauyin. Abin da ya fi burge ni shi ne jifa da allura a kan gilashi don a fasa balan-balan da ke bayansa. A 2018 wasu masu ɗaukar bidiyo da kyamara mai rage saurin motsi sun ɗauki wani ɗan Shaolin yana yin wannan, kuma hoton ya nuna cewa allurar ba ta ratsa gilashin ba, ɓantarensa ta yi, ɓarɓashin da ya tashi ta baya ne ya fasa balan-balan ɗin. Masu cewa ƙarya ce sun yi murna da wannan bidiyo, sai dai sun manta da tambayar kansu ko mutum nawa ne a cikinsu za su iya jefa allura da ƙarfin da zai ɓantare gilashi.

Ke nan abin da ido yake gani a dandalin ya faru da gaske, kuma haɗin abu uku ne: horon jiki na shekaru, sanin inda ƙarfi yake bi, da zaɓen kayan aikin da suka dace. Yaran da ke wannan wasa da yawansu sun fito ne daga makarantun wasan kungfu da suka cika birnin Dengfeng, mazaunin Shaolin, da kewayensa, inda makarantar Tagou kaɗai take da ɗalibai dubbai masu yawa, suna tashi da asuba su yi gudu da tsalle da tsayuwar hannu tun suna ƙanana. Kiran irin wannan yaro maƙaryaci zalunci ne, kuma arha ce ta tunani.

Ƙaryar tana bakin mai shela ne, wato wanda yake riƙe da amsa-kuwwa kafin a fara, yana sanar da 'yan kallo cewa za su ga wani sirri mai shekara 1,500 wanda yake hana makami cin jiki. Wannan sana'a ba sabuwa ba ce a ƙasar Sin. A tsohuwar unguwar Tianqiao da ke Beijing, masu wasan ƙarfi sukan tara jama'a da fasa tubali da sare-saren takobi, idan taro ya cika sai su fito da ƙwayoyin ƙara ƙarfi da magungunan mannawa su sayar. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon 'yan tauri suna goga wuƙa a ciki, mai ganga yana zuga su, ana yi wa maganin kirari, ya san yadda wasan jiki da tallar asiri suke tafiya tare. Bambancin kawai shi ne a hannun Shi Yongxin tallar ta tashi daga bakin kasuwa ta zama kamfani.

Tarihin ma ba ya goyon bayan mai shela. An kafa Shaolin a shekarar 495, wannan gaskiya ne, amma a 1928 sojojin wani madugun yaƙi mai suna Shi Yousan suka banka masa wuta, kuma lokacin da Shi Yongxin ya shiga wurin a 1981 tsofaffin sufaye ƙalilan ne suka rage a cikin kangaye. Abin da ya farfaɗo da sunan wurin fim ne na 1982, wanda tauraronsa Jet Li zakaran gasar wushu (wasan faɗan gargajiya na Sin) ne daga Beijing, bai taɓa zama sufi ba. Daga nan aka samu ƙungiyoyin da ke zagaya Turai da Amurka da sunan Shaolin, waɗansu na wurin ibadar ne, waɗansu kuwa ɗaliban makarantun maƙwabta ne da aka aske wa kai aka sa musu rawayar riga. Shi Yongxin ya zama shugaba a 1999, ya yi wa sunan rajista a matsayin alamar kasuwanci, har jaridu suka riƙa yi masa laƙabi da sufi shugaban kamfani. Duk wannan a fili aka yi shi shekara da shekaru, don haka ban ga asirin da ya tonu a 2025 ba.

Abin da ya kamata ya tayar wa mutane hankali shi ne yadda aka yi da wanda ya nemi a gwada maganar mai shela. A watan Afrilun 2017, a birnin Chengdu, wani mai koyar da damben zamani na gauraye mai suna Xu Xiaodong ya kara da Wei Lei, malamin taichi (wani salon wasan faɗan Sinawa mai motsi a hankali) wanda gidan talabijin na ƙasa ya taɓa nuna shi a matsayin gwanin gaske. Ba a yi rabin minti ba Wei Lei yana ƙasa yana kare kansa da hannu. Maimakon a tambayi gidan talabijin ɗin dalilin da ya sa ya tallata shi, sai hukumar wasan wushu ta ƙasar ta yi tir da karawar, aka rufe shafin Xu a intanet. A 2019 kotu ta umarce shi ya biya diyya ta kusan yuan 400,000 ga fitaccen malamin taichi Chen Xiaowang saboda ya kira shi mayaudari, kuma aka hana shi hawa jirgin sama da jirgin ƙasa mai sauri na wani lokaci. Shekara ɗaya bayan haka, a watan Mayun 2020, wani malamin da ya kusa shekara 70 mai suna Ma Baoguo ya sha ƙasa sau uku cikin sakan 30 a hannun wani da ba ƙwararre ba a lardin Shandong, sai a lokacin hukumar ta ƙara matsa wa mutane su daina naɗa wa kansu sarautar babban malami. Wato an hukunta mai tambaya tukuna, sannan aka yarda a ɓoye cewa tambayar tasa tana kan hanya.

Za a ce ai nishaɗi ne da al'ada, kowa ya san wasa ne, to me ya yi zafi? Wannan uzuri ne na wanda bai karanta tarihin Sin ba. A 1900 dubban manoma na ƙungiyar da Turawa suka kira 'Yan Dambe sun fuskanci bindigogin sojojin ƙasashe takwas bayan an nuna musu irin waɗannan wasanni a filayen ƙauyuka, an tabbatar musu cewa takobi da harsashi ba za su ci su ba, kuma harsashi ya ci su. A shekarun 1980 da 1990 ƙasar ta sake faɗawa zazzaɓin malaman chi masu da'awar warkar da cuta daga nesa, har ɗan jarida Sima Nan ya yi suna wajen maimaita abubuwan al'ajabinsu a gaban jama'a yana bayyana dabarar. Wani malamin chi mai suna Wang Lin, wanda yake fito da macizai daga cikin kwano, manyan attajirai da taurari ne suke ziyartarsa kafin a kama shi a 2015. Duk inda aka bar mai shela ya ce jiki ya fi ƙarfin ƙarfe, ba a daɗewa sai wani ya sayar da wannan magana ga mara lafiya ko ga yaro mai zafin kai.

Abin haushin shi ne ƙasar Sin ba ta bukatar wannan talla ko kaɗan. Zhang Weili, wadda ta taso a wasan da Sinawa ke kira "sanda", wato dambensu da ake bugu da shuri da kayarwa na gaske, ta karɓe kambun UFC, babbar gasar damben zamani na gauraye, a birnin Shenzhen a watan Agustan 2019 cikin sakan 42, ba tare da ta ce wani chi ya taimake ta ba. Gundumar Wuqiao da ke lardin Hebei ta yi ƙarnuka tana fitar da gwanayen lanƙwashe-lanƙwashe waɗanda suke cika dandali a duniya, kuma ba su taɓa bukatar su ce su waliyyai ne kafin a tafa musu ba.

Sabon shugaban Shaolin, Shi Yinle, wanda aka kawo daga wurin ibada na Farin Doki da ke Luoyang kwana biyu bayan sanarwar binciken, yana da damar gyara wannan ba tare da kashe ko kwabo ba. A rubuta a jikin tikiti cewa wasan gwaninta ne, a faɗi wanda yake sufi da wanda yake ɗalibin makaranta, a cire maganar sulken ɓoye daga bakin mai gabatarwa. Masu shirya irin waɗannan wasanni a ƙasashen waje su ma su daina sayen tatsuniyar tare da wasan. Duk malamin kuma da ya nace cewa abin da yake yi dabarar faɗa ce, to a ba shi safar dambe da alƙalin wasa da abokin karawa daidai nauyinsa, kuma kada a kai wanda ya kayar da shi kotu.