Wai cacar zagayen farko kuɗi ne a ƙasa?

Wani mai rahoto ya ce yin caca a kan cewa ba wanda zai ci maki a zagayen farko na wasan besbol a Amurka ita ce hanya mafi sauƙi, wai minti goma sha biyar an gama. Anya kuwa? Ai a zagayen farko ne kowace ƙungiya ke jero gwanayen masu bugunta uku na sahun gaba, kuma sai masu jifa biyu, ɗaya daga kowace ƙungiya, sun fitar da masu bugu shida ba tare da an ci maki ba. Bugu ɗaya ya tsallake katanga, kuɗinka sun tafi. A filin Coors na Denver ma, inda tudun ya kai kusan mita 1,600 har iska ba ta da kauri, ƙwallo tashi take kamar an kore ta. Ga lissafin da ya ɓoye: in kana zuba dala 110 don cin 100, sai ka ci sama da kashi 52 cikin 100 na cacar da ka yi kafin ka mayar da uwar kuɗi. Malam mai rahoto da ke cewa ya gano dabara, in da gaske ne, me ya sa kamfanonin cacar da kansu ke tallata ta kullum?